Ikon kantoman riƙon kamfani da haƙƙin masu bin bashi: wa zai tsaya wa ƙaramin ɗan kasuwa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan kasuwarmu da lauyoyinmu da 'yan majalisar tarayya zuwa wani sashe na dokar kamfanoni wanda ba a cika tattauna shi da Hausa ba, alhali yana taɓa aljihun duk wanda ya taɓa ba wani kamfani kaya ko ya yi masa aiki da alkawarin za a biya shi daga baya. Maganar ita ce: idan kamfani ya kasa biyan basussukan da ake bin sa, aka naɗa masa kantoman riƙo, wato ƙwararren da zai tafiyar da shi na ɗan lokaci a maimakon daraktocinsa, ina ikon wannan kantoma ya tsaya, kuma ina haƙƙin masu bin bashi ya fara?

Ranar 7 ga Agusta, 2020, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni ta CAMA, wadda ta maye gurbin ta 1990. A ƙarƙashin tsohuwar dokar, kamfanin da bashi ya yi wa katutu yakan faɗa ɗaya daga cikin hanyoyi biyu da aka fi bi: ko kotu ta rushe shi a yi gwanjon kadarorinsa, ko bankin da ke riƙe da jingina ya turo wakilinsa ya karɓe ma'aikatar ya sayar da abin da zai sayar domin ya fanshe kuɗinsa. Duka hanyoyin biyu ba a gina su domin a ceto kamfani ba. Mun ga wannan giɓi a fili a 2017, lokacin da kamfanin sadarwa na Etisalat ya kasa cika alkawarin biyan rancen dala biliyan 1.2 da ya karɓa daga gamayyar bankuna 13. Sai da Babban Bankin Nijeriya da hukumar sadarwa ta NCC suka shiga tsakani kafin aka kauce wa rugujewar kamfanin, wanda daga baya ya koma 9mobile. Wannan ceto ne na manya, domin miliyoyin layukan waya da dubban ayyuka na kan siraɗi. Matsakaiciyar masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ba ta da wanda zai yi mata irin wannan ɗauki.

Dokar 2020 ta zo da sabuwar hanya, wadda aka kwaso kusan kacokan daga tsarin Ingila. Ana naɗa wa kamfani ƙwararren kantoma ya riƙe shi na ɗan lokaci, kuma dokar ta jera masa manufofi uku bisa fifiko. Na farko, ya ceto kamfanin ya ci gaba da aiki. Idan hakan ba zai yiwu ba, ya samar wa masu bin bashi gaba ɗayansu sakamakon da ya fi wanda za su samu da an rushe kamfanin kai tsaye. Sai idan wannan ma ya gagara ne zai koma sayar da kadarori domin ya biya masu jingina da waɗanda doka ta fifita. Wa'adinsa shekara guda ne, ko da yake ana iya tsawaitawa da umarnin kotu ko da amincewar masu bin bashi. Kuma ba kowa ake ba wannan aiki ba: sai mai ilimin shari'a ko lissafin kuɗi ko makamancinsu, wanda ya yi aƙalla shekara biyar yana aiki a fannin, kuma hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta ba shi izini.

Ikon da aka danƙa wa wannan mutum ba ƙarami ba ne. Daga ranar da ya kama aiki, daraktocin kamfanin ba su da ta cewa a harkar gudanarwa sai da yardarsa, kuma yana iya sauke duk wanda ya ga dama daga cikinsu ya naɗa wani. Yana iya ci gaba da ciniki da sunan kamfanin, ya ci sabon bashi, ya sayar da dukiya. Kayan da ke ƙarƙashin jinginar nan ta gaba ɗaya, wadda ke lulluɓe da dukiyar kamfani mai shiga da fita irin su kayan sito da kuɗin da kamfanin ke bin wasu, yana iya sayar da su tamkar babu jingina a kansu. Kadarar da aka jinginar da ita ta musamman, kamar fili ko babban inji, ita ma yana iya sayarwa idan kotu ta ba shi dama. Abin da ya fi duka nauyi shi ne katangar da doka ke kewaye kamfanin da ita: muddin yana hannun kantoma, ba mai shigar da ƙara ko ya ci gaba da wadda ya riga ya shigar, ba mai ƙwace jingina, ba mai zuwa ya ɗauke motar da ya bayar bisa biya a hankali, kuma mai gidan haya ba zai kulle ƙofa ba, sai da izinin kantoman ko na kotu.

Ina so in faɗa tun da wuri cewa ba na cikin masu ganin wannan iko zalunci ne a kan kansa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake wasoson kamfanin da labarin karyewarsa ya bazu ya san dalilin wannan katanga. Mai ƙarfi ne ke riga kowa: wannan ya zo da umarnin kotu ya ɗauke janareta, wancan ya ja motoci, wani ya sa a rufe asusun banki, kafin wata ya zagayo masana'antar da za ta iya farfaɗowa ta zama kango, injinan da suka ci miliyoyi an sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Mutanen Kakuri a Kaduna ba sa bukatar a ba su labari. Masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba. Da akwai tsarin da zai dakatar da kowa, ya zaunar da mutum ɗaya mai amana ya duba abin da za a iya cetowa tun kafin injina su yi tsatsa, wataƙila da labarin masaƙun Arewa ya sha bamban. Saboda haka ina maraba da tsarin.

Damuwata tana wani waje ne. Dokar ta ce kantoma jami'in kotu ne, kuma wajibi ne ya yi aiki domin maslahar masu bin bashi baki ɗayansu. To amma wa ke naɗa shi? Hanyoyi uku ne: kotu, ko mai riƙe da jinginar gaba ɗaya, wanda kusan kullum banki ne, ko kuma kamfanin da daraktocinsa da kansu. A hanyoyi biyu na ƙarshe ba sai an zauna shari'a an saurari kowa ba. Ke nan mutumin da ake sa ran zai yi adalci tsakanin banki da mai kawo masara, sau da yawa bankin ne ya zaɓo shi, kuma daga bankin yake sa ran samun aiki na gaba. Ko kuwa daraktocin da suka kai kamfanin ga wannan hali su ne suka kawo shi. Ba ina cewa duk kantoma maci amana ne ba, domin a cikinsu akwai masu tsoron Allah da kishin sana'arsu. Abin da nake cewa shi ne tsarin ya sa zuciyarsa ta fi karkata ga wanda ya riga ya fi kowa kariya. Bugu da ƙari, dokarmu ta bar tsohuwar hanyar turo wakilin banki a buɗe, saɓanin Ingila wadda dokarta ta 2002 ta toshe mafi yawan wannan hanya, don haka bankin Nijeriya na da zaɓi biyu a hannunsa, ƙaramin mai bin bashi kuwa ba shi da ko ɗaya sai ta hanyar kotu.

A duba layin biya. Mai jinginar kadara ta musamman shi ke gaba, yana ɗaukar kuɗinsa daga abin da aka sayar da kadarar. Ladan kantoma da kuɗin da ya kashe wajen aiki suna fita daga dukiyar kamfanin. Sai waɗanda doka ta fifita, wato albashin ma'aikata da kuɗin fanshon da aka cire musu da wasu haraji. Sai mai jinginar gaba ɗaya. A can ƙarshen layi ne ake samun wanda ba shi da jingina, kuma a nan ne mafi yawan mutanenmu suke tsaye: dillalin hatsi na Dawanau, mai tirelar da ya yi dakon kaya daga Legas, mai kawo man dizal, mai buhuna, mai gyaran injina, matar da ke dafa wa ma'aikata abinci. Su ne suka fi kowa yawa, kuma su ne bashin ya fi yi wa illa, domin banki na da dubban abokan hulɗa da zai rarraba asararsa a kansu, shi kuwa dillali jarinsa ke nan gaba ɗaya, kuma galibi ma ba nasa ba ne shi kaɗai.

Na ga irin wannan da idona a ƙofar wata masana'antar matsar mai da banki ya karɓe. Wani dattijo da ya daɗe yana kawo musu waken soya yana tsaye riƙe da leda, a cikinta akwai takardun awon nauyin kaya da na shaidar sauke kaya, kowacce da hatimin sito da sa hannun ma'aji. An liƙa wata farar takarda a jikin ƙofar ƙarfe, an rubuta ta da Turancin lauyoyi, ruwan sama ya riga ya jiƙa rabinta. Mai gadin da ya san shi shekaru ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, an ce kada a bar kowa ya shiga, manaja ma ba ya zuwa yanzu." Dattijon bai tambayi kotu ba, bai tambayi doka ba. Abin da ya ce shi ne, "To wa zan gani?" Manoman da suka ba shi waken bisa amana suna jiran sa a ƙauye, kuma su ba ruwansu da wata jingina. Wannan tambaya tasa ce dokar ba ta amsa ba yadda ya kamata, ko wakilin banki ne a ciki ko kantoman riƙo.

Za a ce mini ai doka ta ba masu bin bashi haƙƙoƙi, kuma gaskiya ne. Wajibi ne kantoma ya sanar da naɗinsa, ya rubuta shawarwarinsa kan yadda zai tafiyar da kamfanin ya aika musu, ya kira taro su kaɗa ƙuri'a. Suna iya kafa kwamitin da zai riƙa neman bayani daga gare shi. Wanda ya ga kantoma na cutar da shi ba bisa adalci ba, ko yana jan ƙafa fiye da kima, yana iya kai ƙara kotu, har a sauke shi ko a tilasta masa ya biya abin da ya salwantar. A takarda wannan ya yi kyau. Amma ƙuri'ar da ake kaɗawa ba ta kawuna ba ce, ta nauyin bashi ce, don haka mutum ɗaya da ke bin naira biliyan guda ya rinjayi mutum ɗari da kowannensu ke bin miliyan biyar. Kantoma kuma yana iya tsallake taron farko idan ya bayyana cewa a ganinsa babu abin da zai rage wa marasa jingina, sai fa idan masu bin aƙalla kashi 10 cikin 100 na jimillar bashin sun haɗu sun nemi a kira shi. Wato a daidai lokacin da ƙaramin mai bin bashi ya fi bukatar ya yi tambaya, lokacin da ake gaya masa ba zai samu ko sisi ba, a lokacin ne doka ta sauƙaƙa a ƙi zama da shi. Batun zuwa kotu kuwa, shari'ar kamfanoni a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta. Mutumin da jarinsa ya maƙale, da me zai ɗauki lauyan da zai kara da kantoman da ke biyan nasa lauyoyin daga dukiyar kamfanin, wato daga kuɗin da shi mai ƙarar ke bi?

Inda haɗarin ya fi girma shi ne wajen sayarwa. A Ingila, inda muka aro tsarin, an daɗe ana kuka da wata dabara: a shirya cinikin kamfani a ɓoye kafin a naɗa kantoma, ranar da aka naɗa shi ya sa hannu, sabon kamfani ya gaji injina da ma'aikata da abokan ciniki, basussuka kuwa a bar su a tsohon ƙoƙo. Sau da yawa masu sayen su ne tsofaffin daraktocin da sabon suna. Wani lokaci wannan na ceto ayyuka, ba a musu, amma mai kawo kaya sai ya wayi gari ya ga mutanen da suka ci kuɗinsa suna zaune a ofishinsu na jiya, suna neman ya kawo sabon kaya. Kukan ya yi yawa har a 2021 gwamnatin ƙasar ta kafa ƙa'ida cewa a cikin makonni takwas na farko ba za a sayar wa wanda ke da alaƙa da kamfanin babban kaso na dukiyarsa ba sai da amincewar masu bin bashi ko rahoton wani mai tantancewa mai zaman kansa. Idan ƙasar da kotunanta ke da sauri ta ga bukatar wannan takunkumi, mu da mafi yawan kamfanoninmu na iyali ne, inda ɗa da suruki da ƙane ke cikin daraktoci, mun fi su bukatarsa. Tun da mun aro tsarin, bai kamata mu bar gyaran da masu shi suka yi masa ba.

Sai batun ba da lissafi. A watan Fabrairun 2017 hukumar AMCON, mai karɓar basussukan da bankuna suka kasa karɓowa, ta karɓe kamfanin jiragen sama na Arik saboda bashin da aka ce ya haura naira biliyan 300, ta naɗa masa mai riƙo. Wannan a ƙarƙashin dokar AMCON aka yi shi, ba sabon tsarin CAMA ba, amma darasin ɗaya ne. Shekaru suka shuɗe ana riƙon, har sai da masu kamfanin suka garzaya kotu, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ba da umarnin a gabatar da lissafin yadda aka tafiyar da shi. Ba ina yanke hukunci kan wanda ke da gaskiya a wannan rikici ba. Abin lura shi ne idan attajirai masu manyan lauyoyi sai da umarnin kotu za su ga lissafi, ina ga mai bin naira miliyan uku? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ke karɓar ladansa daga dukiyar da mutane ke bi, wajibi ne ya buɗe musu littafi ba tare da sun roƙa ba: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya biya kansa da lauyoyinsa, wa ya sayi me kuma a kan nawa.

Akwai abin da Ingila ta yi wa marasa jingina wanda ya cancanci 'yan majalisarmu su duba da idon basira. Daga cikin abin da zai tafi ga mai jinginar gaba ɗaya, ana ware wani kaso dole a raba wa marasa jingina: rabin fam 10,000 na farko, da kashi 20 cikin 100 na abin da ya haura, har zuwa iyakar da aka ɗaga daga fam 600,000 zuwa 800,000 a 2020. Ba ya biyan kowa duka kuɗinsa, amma yana tabbatar da cewa ba a tashi hannu rabbana ba. Mu ma mun san wannan hikima a harkar banki: da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta fara da biyan kowane mai ajiya har zuwa naira miliyan 5 kafin a shiga dogon aikin sayar da kadarori. Dalilin da ya sa aka fifita ƙaramin mai ajiya shi ne dalilin da zai sa a ware wa ƙaramin mai kawo kaya wani abu da aka rubuta adadinsa a doka.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin hukuncin wanda bashi ya cinye dukiyarsa: alƙali ya hana shi taɓa ta, a sayar, a raba wa masu bin sa gwargwadon bashin kowa, kuma hadisi ingantacce ya nuna cewa wanda ya tarar da ainihin kayansa a hannun wanda ya karye shi ya fi cancanta da su. Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma yi umarni a rubuta bashi. Jinkiri ga mai ƙunci da kiyaye haƙƙin mai bi tare suka zo, kuma wanda ke rabon yana ƙarƙashin idon alƙali. Maƙwabtanmu na Nijar da Chadi da Kamaru ma, waɗanda ke bin dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta OHADA da aka sabunta sashenta na karyewar kamfanoni a 2015, suna naɗa alƙali na musamman da ke sa ido a kan mai riƙon tun daga farko har ƙarshe, kuma ana iya naɗa wasu daga cikin masu bin bashi su taya shi sa ido. Ɗan kasuwar Maraɗi aƙalla ya san ofishin da zai kai kuka.

Saboda haka kirana ga hukumar CAC, wadda ta fitar da ƙa'idojin aiki da wannan sashe a 2022, da ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta BRIPAN, shi ne su wajabta wa kowane kantoma ya yi sanarwa da harshen da masu hulɗa da kamfanin ke ji, a rediyo da jarida, tare da adireshi da ranakun da za a karɓi takardun masu bin bashi a garin da masana'antar take, ba a Legas ko Abuja kaɗai ba. Su wajabta masa bayyana ladansa da duk wata tsohuwar alaƙa da ke tsakaninsa da bankin ko daraktocin da suka naɗa shi. Majalisar tarayya kuma, wadda ta riga ta taɓa wannan doka da gyara a 2023, ta sake dubawa ta sa takunkumi kan sayar wa makusanta, ta ware wa marasa jingina kaso, ta kuma ba su kujera a kwamitin masu bin bashi ko da nauyin bashinsu bai kai ba.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu aikin. Yawancin kayan da ke fita daga Dawanau da Singa da Kantin Kwari zuwa kamfanoni bisa amana suke fita, da kiran waya da takardar sauke kaya kawai. Ya kamata duk mai ba kamfani kaya masu yawa ya sa a rubuta yarjejeniya, a bayyana a ciki cewa kayan nasa ne har sai an biya, kuma ya san cewa tun 2017 akwai dokar jinginar kayan da ake iya ɗauka, da rajistar da Babban Banki ke kula da ita, inda ake iya shigar da irin wannan haƙƙi. Ƙungiyoyin kasuwa da cibiyoyin ciniki na Kano da Kaduna su ne ya dace su ɗauki lauya ɗaya da zai tsaya wa membobinsu, su tattara takardun kowa da zarar an ji an naɗa wa wani kamfani kantoma, domin mutum hamsin da suka haɗa bashinsu wuri guda suna iya kai kashi goman nan da doka ta nema, su tilasta a kira taro, su zauna gaba da gaba da kantoman su tambaye shi lissafi.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano